Hunturun Mai Lambu A Witbi: Watannin Da Ake Riƙe Fili Ko A Rasa Shi

Ƙarfe takwas na safe ta gota a garin Witbi, amma fitilun kan titi ba su mutu ba. A ƙarshen watan Disamba rana ba ta leƙowa a wannan gari na gaɓar arewa maso gabashin Ingila sai wajen takwas da minti ashirin, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma ta riga ta faɗi. Matakala 199 da ke hawa zuwa kangon tsohon gidan ibada na kan tudu, waɗanda a watan Agusta sai an yi ta kauce wa juna a kansu, yanzu iska ce kawai ke bin su. Baƙi sun tafi, masu sayar da soyayyen kifi da dankali sun rage lokutan buɗewa, garin mai mutane kusan 13,000 ya koma hannun masu shi.

A irin wannan safiya ce mai lambu ke saka takalmin roba, ya naɗa mayafi a wuya, ya cika filas da shayi, ya nufi bayan gari. Sau da yawa dattijo ne ko dattijuwa da suka ajiye aiki, suna zaune a kan fansho. Inda zai je ba gonarsa ba ce ta gado, ba kuma bayan gidansa ba ne. Ɗan fili ne da ya karɓa haya daga hukumar gari, ɗaya daga cikin filaye da dama da aka yanka a jere, kowanne da mai shi, kowanne da 'yar rumfar katako a kusurwa. Turawan Ingila na kiransa alotmen, ma'ana kaso. Wanda ya ratsa wurin a watan Janairu zai ɗauka an yi watsi da shi: ƙasa baƙa, ganye a yage, sanduna a karkace. Amma masu abin sun san cewa a waɗannan watanni ne ake yanke hukunci a kan amfanin shekara mai zuwa, har ma a kan wanda zai ci gaba da riƙe filin.

Kason da doka ta tsare

Asalin waɗannan lambuna yana komawa ga zamanin da aka riƙa killace filayen da talakawan karkara ke kiwo da noma a cikinsu tare, aka mayar da su mallakar ɗaiɗaikun masu hali. Dokar killace filaye ta 1845 ta tanadi a ware wa ma'aikata marasa ƙarfi 'yan lambuna domin rage musu raɗaɗin abin da suka rasa. Dokar da ta zama ginshiƙi ita ce ta 1908, wadda ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da irin waɗannan filaye matuƙar akwai masu buƙata, ta kuma ce idan mazauna wuri shida masu rajistar zaɓe ko masu biyan haraji suka rubuta koke, wajibi ne hukuma ta duba shi. Dokar 1925 ta hana sayar da filin da aka keɓe domin wannan aiki sai da amincewar minista. Ta 1950 kuwa ta ce wanda bai saɓa ƙa'ida ba, ba za a tashe shi ba sai da sanarwar wata goma sha biyu, kuma wa'adin ba zai cika tsakanin 6 ga Afrilu da 29 ga Satumba ba, domin kada a raba mutum da shukarsa tana tsaye.

Girman fili na gargajiya kusan murabba'in mita 250 ne, kuma an daɗe ana cewa ya isa ya wadata iyali mai mutum huɗu da kayan lambu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suka takura wa hanyoyin shigo da abinci, gwamnati ta yi gangamin kowa ya kama shebur, har adadin filayen ya kai kusan miliyan 1.4. Bayan yaƙi aka yi ta gine su da gidaje da tituna. Ƙiyasin da aka fi ambata a yau bai wuce 330,000 ba a duk faɗin Birtaniya, kuma a garuruwa da yawa mutum kan shafe shekaru sunansa na cikin jerin masu jira. Dokar 1908 ta ɗora nauyi, amma ba ta yanka wa hukuma ranar da za ta sauke shi ba.

A Witbi darajar filin ta fi ta wasu wurare. Tsohon gari a cunkushe yake a gefe biyu na Kogin Esk, gidajen masunta na dā suna jingine da juna a cikin lunguna masu matakala, yawancinsu ba su da ko inda za a dasa albasa. Ga mazaunin irin wannan gida, kason da ya samu a bayan gari shi ne kaɗai ƙasar da zai taɓa da hannunsa.

Teku mai bayarwa, mai karɓewa

Zama kusa da Tekun Arewa yana da riba ɗaya babba. Ruwa ba ya saurin sakin ɗumin da ya tara, saboda haka ko a tsakiyar hunturu zafin tekun kan tsaya wajen digiri 6 zuwa 7, ya hana daren bakin gaɓa yin tsananin da yake yi a cikin ƙasa. Sau da yawa tsaunukan Yokshaya da ke bayan garin kan wayi gari fari fat da dusar ƙanƙara, hanyar mota ta toshe, alhali a lambunan bakin teku ruwa ne kawai ya sauka. Raɓa mai daskarewa, wadda ke kashe shuka a dare ɗaya, takan makara kafin ta iso, ta kuma yi saurin tafiya.

Abin da teku ya bayar da hannun dama, iska ke karɓewa da na hagu. Witbi yana fuskantar arewa, kuma babu wani tudu tsakaninsa da iskar da ke gangarowa daga can. Tana zuwa ɗauke da feshin gishiri, wanda ke tsotse ruwan ganye ya bar gefensa a ƙone tamkar an bi shi da wuta. Tana girgiza dogayen shuke-shuke har saiwarsu ta saki ƙasa, ruwa ya taru a ramin, gindi ya ruɓe. Saboda haka aikin farko na mai lambu bayan kowace guguwa shi ne ya bi shukarsa ɗaya bayan ɗaya, ya danne gindinta da diddige, ya sake ɗaure ta a jikin sanda.

Sabon shiga yakan yi kuskuren kafa katangar katako a rufe ruf domin tare iska. Tsofaffin hannu sun san cewa iska in ta daki bango takan haye ta kansa, ta faɗo a ɗaya gefen tana juyi da ƙarfin da ya fi na farko, in ma ba ta kayar da bangon a kan shukar ba. Abin da ke aiki shi ne shinge mai ƙofofi, ko raga, ko jerin ƙananan itatuwa masu jure gishiri, wanda zai tace iskar ya rage mata kaifi. Rumfar katako kuwa sai an ɗaure ta da ƙasa, an danne rufinta. Masu lambu a wannan gaɓa ba su manta da daren 26 ga Nuwamban 2021 ba, lokacin da guguwar Arwen ta taso daga arewa da gudun da ya kai kilomita 158 a sa'a a yankin Nozambalan, ta bar gidaje kusan miliyan ɗaya babu wuta. Bayan dare irin wannan, ba abin mamaki ba ne mutum ya tarar da rufin rumfarsa a filin maƙwabci na uku, gilasan ɗakin renonsa kuma a warwatse cikin fangalin albasa.

Guguwar dai kan bar tukuici. In ta lafa, bakin teku kan cika da ciyawar ruwa da igiya ta tumɓuke ta watso waje. Wannan taki ne da manoman gaɓar Birtaniya suka sani tun kaka da kakanni. A tsibirin Jasi da shi aka saba ciyar da gonakin dankalin da tsibirin ya yi suna a kai. Ciyawar na ɗauke da sinadarin fotash da wasu ma'adinai, kuma ba ta zuwa da irin ciyayin da za su addabi lambu. Ƙa'ida ita ce a kwashi wadda ruwa ya jefo, kada a yanko mai rai daga jikin duwatsu, kuma a nemi izini, domin bakin teku ma da mai shi: kusan rabinsa yana hannun hukumar kula da kadarorin masarauta. Mai lambu kan shimfiɗa ta a kan fangali, ruwan sama ya wanke gishirin, tana ta ja ruɓaɓɓen zuwa ƙasa.

Abin da ya rage a tsaye

Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu tsawon yini a wannan yanki bai kai sa'a goma ba, kuma idan haske ya gaza haka, ga sanyi, yawancin shuke-shuke kan daina girma. Ba su mutu ba, sun dai tsaya cak. Saboda haka abin da mai lambu ke ci a Janairu ba a Janairu ya noma shi ba. Ya shuka shi tun Afrilu ko Mayu, ya dasa a Yuni ko Yuli, filin kuma ya zame masa rumbun da babu rufi.

A cikin rumbun akwai lik, wani ɗan'uwan albasa mai kauri da dogon farin wuya, wanda sanyi ba ya yi wa komai. Akwai kel, dangin kabeji mai ganye a murɗe da ba ya ƙulla kai, ana tsinkar sa kaɗan-kaɗan har bazara. Akwai ƙananan kabeji masu girman goro da ke jeruwa a jikin kara, waɗanda teburin Kirsimeti a Ingila ba ya cika sai da su. Akwai fasnif, mai kama da farin karas, wanda masu lambu ba sa gaggawar tonowa sai raɓa ta daskare a kansa, domin sanyi na juya wani ɓangare na sitacinsa ya koma sukari. Duk waɗannan suna da maƙiyi guda mai naci, wato hasbiyar daji. In abinci ya yi wuya a gonaki, garkensu kan sauka a kan kabeji su bar jijiyoyin ganye kawai cikin safiya ɗaya. Raga ce maganinsu, ita kuma raga iska ce maƙiyiyarta, don haka gyaranta ba ya ƙarewa.

Akwai kuma abin da ake bisnewa da gangan domin ya sha sanyi. Tafarnuwa ana dasa ta tsakanin Oktoba da Disamba, saboda sai ta yi wata ɗaya ko biyu cikin sanyin da bai kai digiri 10 ba sannan kanta ke rabuwa gida-gida. Wadda ba ta samu haka ba takan fito dunƙule guda. Wani nau'in wake mai faɗin ƙwaya ana shuka shi a Nuwamba, ya fito ɗan tsiro ya tsaya, ya riga na bazara nuna da makonni. Itatuwan tufa da ƙananan itatuwan marmari kuwa a wannan lokaci ake yi musu aski, a kuma dasa sababbi, tunda suna barci ba za su ji ciwon ƙaura ba.

Hidimar ƙasa

Mafi girman aikin hunturu ba ya bayyana ga mai wucewa. Ƙasa a wurare da yawa na wannan gaɓa laka ce mai nauyi da ƙanƙarar zamanin dā ta bari. In ta jiƙe takan manne wa takalmi, in aka taka ta a haka takan dunƙule, iska ta kasa ratsa ta, a yi shekara ana biyan bashin taku ɗaya. Shi ya sa ake ajiye dogon katako a kan fangali a riƙa bi ta kansa.

A kan yadda za a bi da wannan ƙasa masu lambu sun rabu biyu. Tsofaffi na bin hanyar iyayensu: a kafta da shebur a ƙarshen kaka, a bar manyan hoge a fili, sanyi ya farfasa su. Wasu kuma sun bi koyarwar Charles Dowding, wani manomin kayan lambu na yankin Samaset da ya shafe shekaru yana kiran a daina kaftu gaba ɗaya: a shimfiɗa kwali a kan ciyawa, a zuba ruɓaɓɓen taki a sama, a bar tana da sauran halittun ƙasa su yi huɗar. Muhawarar ba ta ƙarewa a bakin shinge, amma ga wanda bayansa ya fara ciwo, hanya ta biyu na iya ƙara masa shekaru a filin. Ko wace hanya aka bi, baro ba ya hutawa: takin doki daga barga, ganyen itatuwa da aka tara a raga tun kaka, ɓawon kayan miya daga ɗakin girki.

A yawancin wurare hukuma kan rufe famfon lambu daga kaka zuwa bazara domin kada ruwa ya daskare ya fasa bututu, don haka ruwan da ke gangarowa daga rufin rumfa zuwa cikin duro shi ne abin dogaro. Masu kaji kuma suna da nasu nauyin. Dokar 1950 ta ba su damar ajiye kaji da zomaye, ban da zakara, kuma kaza ba ta san ana ruwa ko ana iska ba, kullum sai an je. Hunturu ne kuma lokacin murar tsuntsaye, wadda tsuntsaye masu ƙaura ke kawowa ta gaɓar teku. Daga 7 ga Nuwamban 2022 zuwa Afrilun 2023 gwamnati ta umarci kowa a Ingila ya kulle kajinsa a rufaffen wuri, kuma tun Oktoban 2024 ko kaza ɗaya mutum ke da ita sai ya yi mata rajista.

Rumfa da abin da take tsarewa

In hannu ya ƙage, sai a shiga rumfa. A ciki akwai kujera tsohuwa, gwangwanayen iri, igiya, da kayan aiki da aka wanke aka shafa wa mai. A nan ake buɗe kundin masu sayar da iri a zana taswirar shekara: inda dankali ya zauna bara, bana wake ne zai hau, kabeji kuma ba zai koma inda ya baro ba sai bayan shekara uku ko huɗu, domin cutar da ke kumbura saiwarsa takan daɗe a ƙasa. A ƙarshen Janairu ake sayo irin dankali, a jera shi a kiret ɗin ƙwai kusa da taga mai haske, ya fara fitar da gajerun idanu kafin ranar dashe.

Rumfar tana tsare wani abu da ya wuce kayan aiki. A 2021 babban jami'in lafiya na Ingila, Farfesa Chris Whitty, ya keɓe rahotonsa na shekara ga garuruwan bakin teku, inda ya nuna cewa suna tara tsofaffi da masu fama da ciwon zuciya da ciwon sukari da matsalolin ƙwaƙwalwa fiye da sauran wurare, alhali ma'aikatan lafiya sun fi ƙaranci a can. A Witbi akwai ƙarin wani abu. Gidaje da yawa sun koma na hutu ko na saukar baƙi, har ta kai a watan Yunin 2022 mazauna garin suka kaɗa ƙuri'ar jin ra'ayi, fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka fito suka nemi a keɓe sababbin gidaje ga masu zama na dindindin. Ƙuri'ar ba ta da ƙarfin doka, amma ta faɗi abin da ke zukata. A hunturu mutum na iya zama a layin da tagogi ƙalilan ne ke haske da dare. Ga dattijon da ke zaune shi kaɗai a irin wannan layi, lambu ne dalilin tashi daga gado, kuma shi ne wurin da in kwana uku suka wuce ba a ga baronsa ya motsa ba, wani zai je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Takardar haya

Kuɗin hayar fili ba shi da yawa, 'yan gomomin fam ne a shekara a wurare da dama, kuma takardar biya takan iso tsakanin kaka da farkon sabuwar shekara. Nauyinta ba a kuɗin yake ba. Dokar da ta kare mai haya ita ce kuma ta ba hukuma ikon sallamarsa da sanarwar wata ɗaya tak, idan bashin haya ya kai kwana arba'in, ko idan ya ƙi bin ƙa'idojin wurin, waɗanda babbarsu ita ce a ga ana noma filin. Da bazara masu duba kan zagaya da takarda a hannu. Filin da aka bari a hunturu, ciyawa mai jijiya ta mamaye shi, ƙaya ta haura shinge, shi ne ke fara samun wasiƙar gargaɗi, ga kuma jerin masu jira a baya.

Wannan ne ya sa watan Janairu ke zama lokacin hisabi ga tsofaffi. Gwiwa ta fara ƙi, baro ya fara nauyi, abokan da aka fara tare sun ragu. Wasu kan nemi a raba filin biyu su riƙe rabi. Wasu kan jawo wani matashi daga jerin masu jira ya riƙa taimakawa, ana raba amfani, ana kuma miƙa masa sanin da ba a rubuta a ko'ina ba: kusurwar da ruwa ke kwanciya, da wadda iska ba ta kaiwa. Wasu kuma kan mayar da mabuɗi, su bar wa baƙo ƙasar da suka shekara ashirin suna ciyarwa.

Masu tsayawa suna da hujja. A watan Fabrairun 2023 manyan kantunan Birtaniya sun ƙayyade yawan tumatir da kokwamba da tattasai da mutum ɗaya zai saya, saboda mummunan yanayi ya taɓa gonakin Sifaniya da Maroko inda ake shigo da su, kuma a watan da ya biyo baya hauhawar farashin abinci ta haura kashi 19 cikin ɗari. A waɗannan makonni mai lambun da ke da lik da kel a tsaye ya ci abincinsa bai shiga layi ba. Amma ba lissafin kasuwa kaɗai ke riƙe shi ba. Mutum ba ya tura baro ɗari na taki cikin iska mai gishiri, ko ya dasa itacen da ba zai yi 'ya'ya ba sai bayan shekara uku, in bai tabbata filin zai kai shi lokacin ba. Tabbacin nan dokokin 1925 da 1950 ne suka ba shi, kuma a hunturu ne yake cin moriyarsa.

Wajen tsakiyar Fabrairu yini kan haura sa'a goma. Kel ya fara fitar da sabon ganye a ƙirji, tafarnuwa ta miƙe kamar allurai, masu shaguna a bakin tashar jiragen ruwa sun fara fenti domin baƙin Ista. Sauƙi bai zo ba tukuna, domin Afrilu da Mayu ne watannin da masu lambu ke kira giɓin yunwa, lokacin da na hunturu ya ƙare ko ya yi fure, sabo kuma bai nuna ba, kamar yadda rumbu kan yi ƙasa ana tsaka da damina. Mai lambu ya san da wannan, shi ya sa ya bar layi biyu na lik bai taɓa ba. Ƙarfe biyar ta yi, sararin sama bai gama rufewa ba. Ya karkaɗe lakar shebur, ya gwada igiyar rufin rumfa sau ɗaya, ya saƙale kwado a ƙofar shinge, ya gangara gari da damin ganye a hammata.